Haibirid ɗina: gwana ce a cunkoso, babbar hanya ce ta tona mata asiri

Duk wanda ya tare ni da tambayar ko haibirid na rage shan mai, ina ce masa eh, tana ragewa, amma kada ya kuskura ya ɗauki lambar shan mai da dillali zai nuna masa a takarda ya ɗora lissafinsa a kai. Tawa ta hannu ce, irin wadda ba a jona ta da wuta. Injin fetur da injin lantarki ne suke karɓa-karɓa, batirin kuma a kan hanya yake cika kansa. Kuɗin da na zuba ba sai na faɗa ba, duk wanda ya leƙa wurin masu sayar da motoci kwanan nan ya san tazarar da ke tsakaninta da 'yar uwarta mai fetur zalla. Wannan tazarar ce na sa rai za ta dawo aljihuna ta hanyar rage zuwa gidan mai.

Watannin farko kam har tausayin masu sauran motoci nake ji. Zirga-zirgata a cikin gari take, safe da yamma cunkoso, daga wannan danja zuwa waccan. Nan ne take nuna bajinta. Da ka taka birki ka tsaya, injin ya ɗauke ɗif, ba sulo, ba karkarwa. Danja ta ba da hannu, ka saki birki, sai ta silale da lantarki, sai ka ƙara totur sannan injin ya farka. Ƙarfin da sauran motoci ke asararsa a birki, ya zama zafi ya bi iska, ita mayar da shi take yi caji. Tsohuwar motata duk mako sai ta kai ni gidan mai, wannan kuwa sai in doshi mako biyu allura ba ta tayar mini da hankali ba. Har uwargida ta fara cewa na zama dillalin da ba a biya, don duk wanda ya shiga motar sai ya sha bayani ko bai tambaya ba.

Sai tafiya mai nisa ta kama mu, irin ta yini guda, ana tsakiyar zafi. Mota cike da iyali, but a danƙare, ragowar kaya a ɗaure a sama. Esi a kunne tun daga ƙofar gida. Hanya shimfiɗaɗɗiya, ba danja ba cunkoso, ina tafe tsakanin kilomita 110 da 120 a awa. Na cika tanki kafin mu tashi, allon gaban direba ya rubuta yawan kilomitar da man zai kai ni, kuma a lissafinsa har da rara. Da ƙarfin gwiwata na ce wa uwargida ba ruwanmu da gidan mai sai mun sauka.

Ba mu yi nisa ba na lura lambar nan tana zubewa fiye da yadda muke cin hanya. In mun yi kilomita goma, sai ta zabge kamar goma sha biyar. Injin da na saba jin yana hutawa ya ƙi yin shiru ko na minti ɗaya. Can kuma sai wata ƙara ta taso daga wajen kujerar baya, huuu, kamar fanka na fama. Hoton batirin da ke kan allo ya tsaya cak, ba ya hawa ba ya sauka, kai ka ce an cire shi daga aikin. Da muka zo wani dogon hawa na taka, injin ya yi ta kururuwa, motar kuma tana jan jiki kamar an ɗaure ta ta baya. Yaran ma suka yi tsit. Uwargida ta dube ni ta ce, "Maigida, wannan ce dai wadda ba ta shan man?" Ban ce mata uffan ba.

Fitilar mai ta kama a daidai inda ba gari ba ƙauye, ba gidan mai ko ɗaya a gaba. Na kashe esi, na sauke gilasai, na dawo da gudu 80. Zafi ya cika motar, ƙaramin ya fara kuka, babbar tana tambaya ko turawa za mu yi. Abin haushin shi ne, da na rage gudun sai lambar ta daina zubewa, har ta riƙa tsayawa wuri ɗaya na ɗan lokaci. Da kyar da addu'a muka kai gidan mai. Na ce wa yaron gidan man ya cika ta har famfo ya tsaya da kansa, na ɗauki litar da ta sha na auna da kilomitar da muka yi tun cikawar safe. Abin da ya fito bai fi na tsohuwar motata da wani abin kirki ba. Na dubi allon, shi kuma yana nan yana nuna mini lamba mai daɗin gani, wadda ta fi ta famfo sauƙi. Tun ranar na daina yarda da shi. Famfo da biro nake bi, daga cikawa zuwa cikawa.

Da muka dawo na kai ta wurin wani bakanike da ya san kan irin waɗannan motoci. Bai ma buɗe gaban mota ba, kujerar baya ya nufa. Ashe batirin a can yake, kuma yana da fankarsa da ke zuƙo iska daga cikin mota ta wata 'yar taga a gefen kujera. Da ya kwance ta, wallahi abin da ya fito sai da na kau da kai: ƙura ce da gashi da zare sun dunƙule sun toshe ta. Ya ce, "Yallaɓai, wannan tun zamanin mai motar na farko ba a taɓa ta ba. In batir ya yi zafi, kwamfutar motar janye shi take yi don kada ya lalace, sai injin fetur ya ɗauki kayan shi kaɗai." Ya zagaya ya duba tayoyi, ya girgiza kai. Na asalin, waɗanda aka ƙera don su rage turjiya a kan kwalta, an cire su an sa wasu masu araha, biyu ma iskarsu ba ta kai ba. Wannan fa ita ce motar da dillali ya dafa ƙirji ya ce an yi mata sabis daga sama har ƙasa.

Na so in ɗora wa fankar da tayoyin laifin duka, don in samu in ci gaba da yabon motata. Bakaniken bai bar ni ba. Ya ce ko sabuwa ce fil, a irin wannan tafiya ba za ta ba ni abin da take ba ni a gari ba. Kuma in mutum ya zauna ya yi tunani, gaskiyarsa ce. Batirin irin wannan mota ƙarami ne, bai wuce kilowat-awa ɗaya zuwa biyu ba, abin da zai ja ta kilomita ɗaya ko biyu a hankali. Duk wutar da ke cikinsa kuma asalinta daga fetur take, ko dai injin ya caja shi kai tsaye, ko birki ya dawo da wani abu daga gudun da fetur ya samar. Ribar tana fitowa ne daga tsayawa da tashi. A buɗaɗɗiyar hanya ba birkin da za a tatsa, ba danjar da za a kashe inji, sai dai nauyin batir da kake ɗauke da shi. Ga iska: in gudu ya ninka biyu, turjiyarta ninkawa take yi sau huɗu. Daga 90 zuwa 120 kawai, ƙarin ya kusa kashi 80 cikin ɗari. Ka ɗora kaya a sama kuma ka ƙara mata abin kamawa. Abin da ke ɗan ceton haibirid a can shi ne yawancinsu suna da inji mai tsarin Atkinson, wanda ke tattalin mai amma ba shi da ƙarfin fizga, shi ya sa yake dogara da injin lantarki a wurin hawa. Ranar da batirina ya janye, wannan kururuwar ce na ji.

Lambar da ke kan takarda kuwa, ba a kan titi ake samo ta ba. A ɗakin gwaji ake ɗora motar a kan wasu na'urori masu juyawa. Gwajin da Turai ke amfani da shi yanzu, WLTP, wanda ya fara maye gurbin tsohon gwajin NEDC a 2017, minti 30 ne, kusan kilomita 23, matsakaicin gudu bai kai kilomita 47 a awa ba, a zafin digiri 23, esi a kashe. Wa ke tuƙi haka da iyali a mota? Kuma wannan ɗin ma gyararre ne, tsohon ya fi shi sassauci. Amurka ta riga su gyara nata tun 2008, ta shigar da gudu mai yawa da esi da sanyi cikin lissafi, lambobin haibirid da dama suka sauko. In kuma takardar da mil da galan aka rubuta ta, sai ka tambayi galan ɗin wace ƙasa ne, don na Amurka lita 3.8 ne, na Ingila kuwa lita 4.5. Mota ɗaya, lamba biyu, kuma kun san wadda mai sayarwa zai zaɓa ya nuna.

Na koma wurin dillalin da dunƙulen ƙurar a leda. Ya kalla ya yi murmushi ya ce, "Haba Alhaji, ai mota sai da kulawa. Ƙila ƙafarka ce ke da nauyi." Ƙafata! Wai ƙafata ce ta cusa gashi a fanka, ita ce kuma ta canza tayoyi. Ko kuɗin wankin fankar bai ce zai biya ba.

Bayan an wanke fankar, na sa tayoyin da suka dace, ina kuma duba iskarsu a kai a kai, motar ta dawo hayyacinta. A gari har ta ɗan fi da. Na sake yin doguwar tafiya, ba kaya a sama, ina riƙe da 90 zuwa 100, ta fi tsohuwar motata sauƙin mai, amma ba irin bambancin da zai sa ka kira 'yan uwa ka ba su labari ba. Fasahar kanta ba ni da ƙorafi a kanta, ba sabuwa ba ce balle a ce gwaji ake yi da mu. Tun 1997 Toyota ta fito da Prius a Japan, Honda ta biyo da Insight a 1999, kuma ba banza ba masu tasi a manyan biranen duniya suka rungume ta. Aikinsu ke nan, tsaya ka tashi daga safe har dare.

Sai dai tun da idona ya buɗe na fara ganin wasu wuraren da take ci na ban sani ba. Gajeriyar tafiya da sassafe, misali kai yara makaranta a dawo: injin na tashi ya yi ta aiki don ya ɗumama kansa, kafin ya yarda ya miƙa wa lantarki har ka iso gida. A irin wannan fitar ba abin da ka tsira da shi. Haka zaman jira a mota da esi a kunne. Shirun da take yi yana ruɗar mutum ya zaci kyauta yake shan sanyi, alhali esin daga batir yake ja, batir na sauka injin ya tashi ya cika shi, a haka a haka allura na tafiya. Masu zama a ƙasashen sanyi su ma suna kuka da hita, don ɗumin daga injin yake zuwa, dole ya yi ta aiki. Duk wannan ba wanda ya gaya mini ranar da ake ƙirga kuɗina.

Wani abokina da ya ji labarin ya ce shi zai sayi irin wadda ake jonawa da wuta, don lambar da ke takardarta kamar ba ta shan mai sam. Na ce masa ya tsaya tukuna. A 2024 Hukumar Tarayyar Turai ta fitar da rahoto daga na'urorin da ke cikin motocin da mutane ke hawa, aka ga masu fetur suna wuce lambar gwaji da wajen kashi 24 cikin ɗari, masu jonawa da wuta kuwa hayaƙinsu ya ninka na takarda sau uku da rabi, saboda masu su ba sa caji kamar yadda gwajin ya ɗauka. In ba ka da wurin caji kullum, babban batir kawai za ka riƙa yawo da shi a kan fetur.

To, ko zan sake saya? In rayuwata ta ci gaba a cikin cunkoso, zan sake, ba ko shakka. Wanda kuma aikinsa bin manyan hanyoyi ne kullum da kaya, ya riƙe kuɗinsa, ƙaramar mota mai fetur da ke da lafiya za ta kusa kamo ta, kuma ba zai kwana da fargabar ranar da batir zai ce ga garinku ba. Mai sayen ta hannu kuwa, kafin ya biya ko sisi ya sa a buɗe masa fankar nan ya gani da idonsa, a saka na'ura a duba lafiyar batirin, ya karanta abin da ke rubuce a jikin taya. Taurari huɗu na yi niyyar ba ta da na fara wannan rubutu, amma da na tuno kukan yaron nan a cikin zafi, da murmushin dillalin yana ce mini ƙafata ce ke da nauyi, uku zan bayar. Lissafina na gidan mai kuma har yau bai biya ni tazarar da na zuba ba.