Shagon tsofaffin hannayen gem a bakin kasuwar Wudil

Na daɗe ina riƙe da ɗan gidan gem a ƙauyenmu, kuma abin da ya fi cin kuɗina a wannan sana'a shi ne hannun gem, domin sabbin da ake kawowa masu araha ba sa yin wata biyu a hannun yaran da ke buga ƙwallo daga la'asar har isha'i. Wannan ne ya kai ni wani ƙaramin shago a bakin kasuwar Wudil ranar Juma'ar da ta wuce, inda wani dattijo mai gyaran rediyo yake sayar da tsofaffin hannaye 'yan kwatano da yake tsintowa daga dilolin kayan lantarki a Kano.

Abin da na je nema shi ne DualShock 2, hannun da kamfanin Sony ya fitar tare da injin gem na PlayStation 2 a shekarar 2000. Da ya miƙo mini guda ɗaya, nauyinsa ne ya fara gaya mini cewa gangariya ne, sannan na juya bayansa na ga lambar samfurinsa, SCPH-10010. Bai bari na biya ba sai da ya jona shi a injinsa, ya ce, "Malam, danna kowane maɓalli da kanka, kada ka kai gida ka zo kana zargina." Sandunan juyawar suna komawa tsakiya da kansu, robar da ke ƙarƙashin maɓallan ba ta saki ba, wayar kuma babu inda aka ɗaure ta da salatif. Kuɗinsa ya kusa ninka na sabon jabu sau uku, na kuma sayi guda biyu ba tare da ciniki mai tsawo ba, tunda an daina ƙera injin tun 2013, kuma mai kyau irin wannan kullum raguwa yake yi.

Sai dai tsufa kaɗai ba ya sa kaya tsada, kuma a nan ne na ga dattijon yana cutar kansa. An sayar da PlayStation 2 fiye da miliyan 150 a duniya, saboda haka hannunsa ba abu ne mai wuyar samu ba, ingancinsa ake saya. A ƙasan wani kwali kuwa, cikin ƙura da tarkacen caja, na hango WaveBird, hannu marar waya da Nintendo ya yi wa GameCube a 2002, injin da bai wuce kimanin miliyan 22 ba a kasuwa. Masu tara tsofaffin kayan wasa a Amurka da Turai suna nemansa, amma darajarsa tana rataye ne da 'yar na'urar karɓar saƙo da ake cusawa a gaban injin, wadda ta fi saurin ɓacewa saboda ƙanƙantarta. Na ce, "Baba, ina ɗan abin da ke tafiya da wannan?" Ya zazzage kwalin, sai ga ta, lambobin tashoshinta goma sha shida suna nan raɗau. Na shaida masa cewa idan ya haɗa su biyun ya goge su, bai kamata ya sayar da su kuɗin hannun yara ba.

Akwai hannayen Sega masu maɓalli shida, irin na 1993, da ɗaya na Nintendo 64 wanda sandarsa ta sake har tana zubar da farin gari, alamar robar ciki ta cinye, kuma shi da kansa ya ce wannan sai dai a ciri kayan gyara.

Aibin shagon shi ne ajiya. Ga hunturu yana tafe, kayan kuma a buɗe suke, wayoyi a cukurkuɗe, babu ko leda. Duk wanda zai je ya tafi da safe kafin masallaci, ya kuma nemi a gwada masa a gabansa. Hannaye biyun da na saya yau kwana shida suna aiki, yaran har layi suke yi a kansu.