Yaya, kar a jona kayan sautin Baba tukunna

Assalamu alaikum Yaya, da fatan kana lafiya da iyali, ya ƙoƙari. A gaida min Hajiya da kyau.

Maganar kayan sautin marigayi Baba, Allah ya jiƙansa, da ka tambaye ni ko na samu sun tashi, shine nace bari in zauna in rubuto maka a tsanake don saƙon murya ba zai ɗauke ta ba, kuma akwai abinda nake so ayi da ragowar da suka rage a wajenka. Amfilifayar nan Sansui da na'urar faifai Pioneer da suka faɗo a rabona duk sun tashi suna aiki alhamdulillah. Amma dai in gaya maka abinda na gani a taƙaice, a nan Amurka duk wani ɗan ƙaramin abu da kake nema na gyara zaka same shi na ainihi har ƙofar gida, mai hannun da zai saka maka shi ne babu, mu kuma a gida hannu ga shi nan birjik, kayan ne sai an yi sa'a.

Wuta ce farkon abinda ya tare ni. Tamu volt 230 ce, tasu 120, ga filoginsu mai ƙafa biyu falai-falai, namu mai ƙafa uku irin na Ingila. Sa'ar da aka yi kayan Japan na wancan zamanin da aka yi don fitarwa ƙasashen waje yawanci suna da wani ɗan abu a baya da ake juyawa ko a cire a sake sokawa, an rubuta 110, 120, 220, 240 a jiki, na Baba yana kan 240 na maida shi 120. Sai fis, shi ma dole a canza shi, don in wuta ta ragu da rabi abinda na'urar ke ja sai ya ninka, tsohon fis ɗin zai riƙa tsinkewa ne kawai kana zaton wani babban abu ne ya lalace. Hatsarin gaske kuma yana ga wanda ya ɗauko kaya daga nan ya kawo gida, wanda aka saita a 120 ka soka shi a 230 ai kafin ka ce kwabo ka ji ƙauri, shi yasa duk wanda na aikowa kaya daga nan nake jaddada masa ya leƙa bayan kafin ya jona.

Na'urar faifan ce ta bani dariya. Wutar nan tana kaɗawa sau 60 a daƙiƙa, tamu sau 50, ita kuma motar cikinta, wato injin da ke juya faifan, da wannan kaɗawar take auna gudunta, babu ruwanta da taransifoma ko me zaka saka mata. Faifan da ya kamata ya juya sau 33 da sulusi a minti sai ya koma 40, dattijo mai murya kamar ganga sai gashi yana waƙa da muryar yaro ɗan firamare, kiɗan kuma kamar ana korar makaɗan. Maganinsa wani ɗan ƙarfe ne a kan sandar motar inda bel ke zagayawa, bai kai tsawon gaɓar yatsa ba, na wutar 60 ya fi na 50 siranta kaɗan. Ka ga abu na shekarun 1970 amma na shiga kasuwar intanet ta eBay na same shi, wani ya cire daga matacciyar na'ura ya ajiye yana jiran irina. Da irin Technics SL-1200 ce Baba ya saya, wadda ta fito 1972, da babu wannan rigimar don ita motar ce ke juya farantin kai tsaye ba bel, kuma ita ke saita gudunta da kanta.

To mu zo kan mai gyara, nan ne na san ba a gida nake ba. Na farko sai ka yi ta nema kafin ka ji labarin mutum ɗaya, yawanci tsofaffi ne da suka yi ritaya suna aiki a garejin gidansu. Wanda na samu kafin ya taɓa sukurun farko sai ka biya kuɗin dubawa, ko ya gyaru ko bai gyaru ba wannan ya tafi, bayan nan aiki da awa ake lissafa shi, sannan yace min in rubuta suna a layi sai bayan watanni, na leƙa bayansa kuwa ga amfilifayoyi jere a kanta har sama kowacce da takarda a maƙale. Babu zancen a rage min, babu zauna a benci kana kallo ana yi kuna hira. Matasan da ke shagunan gyaran waya kuma ko kallonta basu yi ba, su sun saba cire allo gaba ɗaya su sa sabo, bin layi da mita a gano transisto ɗaya da ya mutu ba aikinsu bane. Akwai wani abu da suke yi a wasu garuruwa, Repair Café, a Amsterdam aka fara shi 2009, 'yan sa kai ne ke taruwa a laburare ko coci ka kawo abinka a gyara tare kyauta, yana da kyau amma na fitila ne da abin gasa burodi, amfilifaya mai nauyin nan ta fi ƙarfin zaman yini ɗaya.

Sai na tuna masu gyaran rediyonmu. Mutum taransifoma ta ƙone zai warware ta yana ƙirga zagaye, ya sake naɗa ta da sabuwar waya ta tashi, koyil ɗin sifika ma haka. Na faɗawa tsohon nan haka sai da ya ajiye abinda ke hannunsa, yace a nan in taransifomar irin wannan ta ƙone yawanci sai dai a nemo wata matacciya a cire, masu naɗawa sun yi ƙaranci ƙwarai kuma kuɗin ya kan fi na na'urar. Amma gaskiya ɗaya ce, shi ma ya nuna min namu aibun da ya buɗe murfin. Fis ɗaya na ciki an naɗe shi da zaren waya, ga wani kafasita da ba girmansa bane an liƙa shi da dalma guda kamar an ɗiga kunu. Aikin wani mai gyara ne tun Baba na da rai, ya yi don ta tashi a ranar, kuma ta tashi, sai dai fis ɗin da aka naɗe da waya ya daina zama fis, ranar da wani abu ya haɗe ba abinda zai tsinke sai taransifomar. Wannan halin na a dai samu ta yi magana shi ne ke cin kayanmu, ba rashin iyawa ba.

Da na ga layin ba mai ƙarewa bane sai muka yi da shi zai duba min babban aikin kawai, ƙananan in yi da kaina, ya kuma koya min abu ɗaya da nake so ka riƙe. Na'urar da ta shekara da shekaru a ajiye ba a soka ta a bango kai tsaye. Kafasitocin ciki akwai ruwan sinadari a cikinsu, da daɗewa yake bushewa, wasu su kumbura wasu su tsiyaye, in wuta ta shiga da ƙarfi lokaci ɗaya sai su fashe ko su ja wasu su mutu tare. Sai a haɗa ƙwan fitila irin na da mai zare, wat 60 ko 100, a jere tsakanin bango da na'urar. In ka kunna ƙwan yayi haske ɗan lokaci ya dushe, lafiya lau. In ya tsaya da haske tar to akwai inda ya haɗe, ka kashe, ƙwan ya shanye wutar ba abinda ya ƙone. Masu gyaran talabijin ɗinmu sun san wannan sarai. Abin mamaki ƙwan ne ya zama aiki a nan, tun Agustan 2023 aka hana sayar da irinsa a shaguna sai irin su LED, shi kuma LED baya wannan aikin.

Kayan gyara kam ba a magana. Da can RadioShack ake zuwa, shago ne da a lokacin yake kusan kowane gari, ya karye a 2015 ya sake karyewa 2017, yanzu komai ta intanet ne. Akwai DigiKey a Minnesota da Mouser a Texas, ka rubuta lambar kafasita ko resisto su nuna maka na kamfanoni irin Nichicon da Panasonic da takardar bayaninsa, ko guda ɗaya kake so zasu sa a leda da lambarsa a jiki su aiko cikin kwanaki. Littafin gyaran na'urar ma da zanen layukanta duk mutane sun ɗora, ka sauke ka buga. Inda ake taka tsantsan shine tsofaffin transisto da aka daina yi, a nan ma akwai jabu, an goge lambar wani an buga ta wani, gara ka nemi sabon da yayi daidai da shi daga wajen manyan dilolin nan. Ƙarar ƙwar-ƙwar ɗin nan da take yi in an murɗa maɓallin ƙara sauti, da Baba ke ɗan bubbuga gefenta, datti ne kawai da tsatsa, wani feshi DeoxIT na sa na murɗa ta sau da yawa shikenan ta yi shiru. Don Allah kar a bari kowa ya fesa mata man da ake sawa a kwaɗo ko sarƙar babur.

Ka tuna kwabon da Baba ya ɗaure a kan hannun allura da salatif don kar ta riƙa tsalle? Yana nan har ya bar shaida a jikin ƙarfen. Na cire shi. Allurar da na saka Audio-Technica ce, nauyin da ake so ta danna faifai giram 2 ne kacal, akwai ɗan sikeli na musamman da ake aunawa da shi, kwabon nan kuwa ya ninka hakan, noman faifan kawai yake. Shure da aka fi sani da kan allura sun daina yi tun 2018, amma Ortofon na yi, kuma wani kamfanin Japan Jico yana yin allurar da zata hau tsofaffin kawuna. Sannan wayar faifai ramin da aka rubuta PHONO take shiga ba AUX ba, don sautin allura ƙanƙani ne kuma tun wajen yanka faifan an rage masa ƙasa an ƙara sama, wannan ramin ne ke maida shi daidai. Ƴar siririyar waya ta uku kuma da kowa ke bari tana lilo, a ɗaure ta a sukurun GND, ita ke kashe gunjin nan na huuu.

Rediyon ne dai gara da na bar maka. Gajeren zango a nan kusan ba komai, BBC ta daina watsowa Arewacin Amurka ta nan tun 2001, ga gidajen cike da caja da fitilun LED sai shuuu kake ji. Sashen Hausa da Baba bai taɓa bari ya wuce shi ba, wanda aka buɗe 1957, ni a waya nake jinsa.

Kar kuma ka yarda wani ya zo yace tarkace ne ya baka na goro ya kwashe. Kayan nan sun dawo da daraja a nan, a 2022 faifan garmaho ya fi CD yawan fita a Amurka, miliyan 41 da miliyan 33, rabon da ayi haka tun 1987. Da a shagunan gwanjo irin Goodwill ake tsintarsu a banza, yanzu kafin a ajiye an ɗauke, yara matasa ne ma ke rububinsu. Ba ina nufin a sayar ba, kuma aiko min da su ma asara ce, sifikun nan kuɗin jirginsu kaɗai ya isa, ga su katako ne a hanya zasu daku.

Ga abinda nake so. Ka cire rigar gaban sifikun ka duba zoben soso da ya zagaye takardar, in ka taɓa yana marmashewa to kar a kunna su ko kaɗan, koyil zai gogi maganaɗisu ya lalace. Ana sayar da sabon zoben da gam ɗinsa, ka auna min faɗin kowacce da inci. Rikodar kaset ɗin kuwa na tabbata bel ɗinta ya narke ya zama baƙin danƙo, sai an goge da sifirit an sa sabo, da ƴar tayar roba da ke danne zaren kaset, a wanke kan ma da auduga. Ka ɗauko min hoton bayan kowanne inda lamba take, in haɗa bel da kafasitoci da fis na gaskiya da littafin a buge in bada a kawo maka. Mai gyaran da zaka kaiwa ka zaɓi dattijo wanda ya yi zamanin kayan, ka biya shi da kyau kace ba sauri ake ba, abinda ke takarda zai saka, kuma duk abinda ya cire ya zuba maka a leda. In an gama a sa musu sitabilaiza, kar a kunna su da ƙaramin janareto, a riƙa rufe su da ƙyalle saboda ƙura. Faya-fayen da ke cikin akwati a kwance a fito da su a jera su a tsaye a ɗakin da rana bata bugu, masu nauyin nan masu saurin fashewa na gudun 78 kuma kar sifirit ya taɓa su, yana narkar da su, ruwa mai tsabta kawai.

Kaset ɗin da Baba ya ɗauki muryar su Kaka a ciki ka ware su daban, kar a gwada rikodar da su, a fara da wanda ko ya cinye ba asara. Ina jiran hotunan, ka haska lambobin da kyau don wasu sun goge.