Farin kakin shafe bakin gungume, na gwada shi a kan gabaruwa

Salamu alaikum 'yan uwa masu sana'ar katako. Farin kakin ruwan da ake shafawa a bakin gungume, wato wurin da aka yanke, don hana shi tsagewa dai na gwada shi, ƙanina ne ya aiko min jarka ɗaya daga Jidda, kuma gaskiya ya biya ni.

Ni kafinta ne a Mai Wurno ta ƙasar Sudan, yawancin aikina da gabaruwa ne wadda Larabawan nan suke ce wa sunut, ta bakin kogi, itacen da saboda taurinsa da shi ake yanka katakon shimfiɗar layin dogo. To matsalarmu kullum ita ce a sare itace a watan 4 ko 5 zafi ya wuce digiri 40, ga jiran layi a wajen injin tsaga, kafin a zo kanka bakin gungumen ya dare kamar faso a ƙafa. Ruwan cikin itace ta baki yake fita da sauri ba ta ɓawo ba, sai bakin ya bushe ya tsuke alhali cikin da sauran danshi, shi ne yake tsagewa, wallahi wani lokacin kusan kamu ɗaya nake yankewa kowane gefe in zubar, abin yana min ciwo.

Gumagumai goma na samu. Takwas na shafe ran da aka sare su, da burushi, shafi biyu, da fari kamar nono yake in ya bushe sai ka riƙa hango jan itacen ta ciki. Biyun sai bayan kwana huɗu suka iso, sun riga sun fara tsaga, na shafa amma tsagar ba ta koma ba.

Sai dai fa kar wani ya ɗauka maganin gara ne. Ɗaya da ya gangaro ya taɓa ƙasa, cikin sati uku gara ta yi gini a ƙasansa. Dole a ɗaga su kan duwatsu, a inuwa, ni zana na kafa musu ta gefen yamma, ban rufe da leda ba don kar su yi gumi su yi funfuna. Ga tsada kuma, jarkar ta kusa ƙarewa.

Bayan wata biyu aka tsaga takwas ɗin, abin da na yanke a baki bai wuce faɗin yatsa biyu ba. Na riga na ce wa ƙanin nawa ya ƙaro wata.