Shagon tura fim da ke faɗa maka inda almakashi ya bi

A bayan tashar motar unguwarmu a Zariya akwai wani ɗan shagon tura fina-finai, rabinsa wurin cajin waya, rabinsa kwamfuta biyu da benci. Ba zan kama suna ba, don mai shi bai nemi talla ba, kuma kowa ya san sana'ar tasu ba da izinin masu fim ake yin ta ba. Abin da ya bambanta shi da sauran shi ne fim ɗin Turawa kashi biyu yake ajiye shi a kwamfuta, "Na gida" da "Cikakke". Kafin ya tura maka sai ya tambaya, "Yaya, wanne zan sa? Wannan na rage masa wuri biyu." Yawancin abin da yake ragewa tsiraici ne, sai kuma duk inda aka nuna masu neman jinsi ɗaya.

Wannan tambayar tasa ita ta riƙe ni a shagon. Mai iyali yana da ikon zaɓar abin da zai shiga ɗakinsa, ban ja da wannan ba. Abin da ba na so shi ne a miƙo mini guntu a ce cikakke ne, kuma manyan da suka fi shi kuɗi haka suke yi. Kamfanin Warner Bros. ya yarda an cire daƙiƙa 6 daga Fantastic Beasts: The Secrets of Dumbledore a 2022 don a nuna shi a Chaina, maganganu ne da ke nuna Dumbledore ya taɓa son Grindelwald, namiji ɗan'uwansa. A Rasha, 2019, an datse kusan minti 5 daga Rocketman, fim ɗin rayuwar mawaƙi Elton John, har shi da kansa ya fito ya yi Allah wadai.

Sai dai aikin yankan nasa wani lokaci ɓarna ne. Ɗauki Bohemian Rhapsody, labarin mawaƙi Freddie Mercury. Kwafinsa na gida kusan sahun na Chaina ya bi, wanda aka haska a can a Maris 2019. Ya cire wurin da Freddie ke zaune da Mary Austin yana gaya mata gaskiyar kansa, cewa yana son maza ma. To a nan fa igiyar labarin take. Kana kallon mutum biyu da zoben alkawari a tsakaninsu, ka ƙifta ido sai ga shi kowa da gidansa, suna gaisawa ta taga da kunna fitila. Mijin ƙanwata da muka kalla tare sai da ya tsayar da fim ɗin ya ce, "To wai me ya raba su? Ko uwarta ce ta hana?" Daga nan har ƙarshe, kaɗaicin mutumin da shigowar saurayinsa Jim Hutton duk sun zama abin da ba a san daga ina suka faɗo ba. Kamar a zare ƙashin baya a ce wa mutum ya miƙe.

Na Dumbledore kuwa, na gida da cikakke, in ba an nuna maka ba ba za ka gane bambanci ba. Wannan ya fi ba ni haushi, amma ba mai shago nake jin haushi ba. Hollywood ta iya rubuta irin waɗannan mutane a gefen labari, layi ɗaya ko sumba ɗaya, yadda za a sha tafi a Amurka a kuma cire a karɓi kuɗi a wata kasuwar. Ko lokacin da Disney ta ƙi yankewa, abin da aka yi rigima a kai bai taka kara ya karya ba: Saudiyya ta ce daƙiƙa 12 take so a cire daga Doctor Strange na 2022, inda wata yarinya ta ambaci iyayenta mata biyu. Lightyear kuma sumba ɗaya ce tak, wadda tun a Pixar, kamfanin da ya yi fim ɗin, aka cire, sai da ma'aikatansa suka yi ƙorafi a Maris 2022 aka mayar, sannan Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa da wasu ƙasashe suka hana shi. Halin ma ba sabo ba ne. Daga 1934 zuwa 1968 ƙa'idar Hays, dokar tace fim ta Hollywood, ta hana su nuna irin wannan a fili, sai dai a yi da hannunka mai sanda.

Akwai waɗanda ba ya ajiyewa sam, don ba su yankuwa. Na taɓa tambayarsa Rafiki na Wanuri Kahiu, labarin soyayyar 'yan mata biyu, wanda Kenya ta haramta a 2018 bayan Wanuri ta ƙi sauya ƙarshensa, kotu ta buɗe shi na kwana 7 kacal. Ya kalli ƙofa ya ce, "Haba Yaya, so kake a rufe min shago?" Ban ga laifinsa ba. Dokar Najeriya ta 2014 ta tanadi ɗaurin shekara 14 kan auren jinsi, kuma Ìfé ma, fim ɗin 'yan Najeriya kan soyayyar mata biyu, bai ga silima ba, a intanet aka sake shi a Disamba 2020.

Sauran lamura: hoto fes, kuɗinsa daidai da na kowa, ba ya cika wa mutum waya da tarkace. In an ɗauke wuta sai ka jira ya tayar da janareto, yamma kuma layi ne na 'yan makaranta, gara ka je da hantsi. Babban aibinsa shi ne in ya yanke hoto ba ya gyara rubutun fassarar da ke ƙasa, sai ka ga magana ta wuce da minti guda kafin rubutunta ya iso. Na yi masa magana, ya ce yana koyo. Har yau dai na gida na Bohemian Rhapsody haka yake.