Sharhi kan wani kamfanin kai saƙo a Yamai da matasan da ke masa aiki

A Yamai, kamar sauran biranen Nijar, ba a saba ganin ma'aikacin gidan waya yana bi gida-gida yana raba wasiƙu ba. Tsarin da aka gada shi ne na akwati, inda mutum ko ma'aikata za su kama akwati mai lamba a gidan waya su riƙa zuwa da makulli suna dubawa, shi ya sa har yau takardun ofisoshi suke ɗauke da haruffan BP, wato akwatin gidan waya a Faransanci, da lamba. Niger Poste, ma'aikatar gidan waya ta ƙasa, wadda ta gaji tsohuwar hukumar gidan waya ta ONPE a shekarar 2005, ita ce ke riƙe da waɗannan akwatuna. Tazarar da ke tsakanin ofis da ƙofar gida kuwa, ƙananan kamfanonin kai saƙo a babur ne suke cike ta, kuma ɗaya daga cikinsu, wanda ba zan kama sunansa ba, shi ne ofishin ƙungiyarmu yake ba wa takardun gayyata da wasiƙun da za a kai ma'aikatu.

Hulɗa da su ba ta da wahala. Ana aika musu bayani ta WhatsApp, su faɗi kuɗi, sai ɗan saƙo ya zo ya karɓa. A cikin gari mukan biya jaka ɗaya, wato sefa dubu, idan kuma za a ƙetare kogin Kwara zuwa Harobanda ko a nausa can bakin gari sai su ɗan ƙara, kuma ban ga tsada a wannan ba.

Abin da ya ɗaure mu da kamfanin shi ne mutum ɗaya daga cikin ma'aikatansa, wani magidanci da ya daɗe a kan aikin. An ba titunan Yamai haruffa da lambobi, kamar YN a unguwar Yantala da PL a Plateau da KK a Koira Kano, amma mutane ƙalilan ne suke kwatance da su, sabbin unguwanni kuma sun faɗaɗa sun wuce inda allunan suka tsaya. Kwatancen da ake bayarwa shi ne a wuce masallacin Juma'a, a karya hannun hagu wajen mai wankin mota, a nemi ƙofa shuɗiya. Wannan bawan Allah yana jin irin wannan kwatance sau ɗaya ya gane, yana tambayar hanya da Zabarmanci a inda Hausa ba ta ci ba, yana kuma karanta Faransancin da ke bayan ambulan ba tare da ya nemi taimako ba. Yana da littafi mai baƙin bango wanda ya raba shi layi-layi: rana, sa'a, sunan wanda ya karɓa da sa hannunsa. Idan sakatariyar ofis ba ta nan, ba ya barin takarda a hannun maigadi sai ya kira mu ya ce, "Ranka ya daɗe, Hajiya ta fita, in jira ko in ba Baba maigadi ya sa hannu?" Da damina na ga yadda yake naɗe ambulan cikin leda biyu ya cusa a ƙirjinsa ƙarƙashin riga, domin ya fi yarda da hakan a kan akwatin da ke bayan babur.

Sai dai ba kullum ake turo shi ba, a nan ne kuma raunin kamfanin yake bayyana. Matasa suna shigowa suna fita, wanda ka gani a wannan wata da wuya ka sake ganinsa bayan salla, kuma sabon zuwa yakan kira sau da yawa kafin ya gano gida, wani lokaci ma ya miƙa takarda ba tare da ya karɓi sa hannu ba. Ban ɗora laifin a kansu ba. Waɗanda na zanta da su sun ce a kan kowane saƙo ake biyansu, gyaran babur yana wuyansu, ranar da suka kwanta rashin lafiya kuma babu abin da zai shigo. Mutumin da ke yawo a zafin watan Afrilu da Mayu, lokacin da awon zafi ke haura digiri 40, yana kutsawa cunkoson kasuwar Katako da gadar Kennedy, ba zai ɗauki wannan aiki a matsayin sana'ar dindindin ba muddin babu albashi tsayayye, babu rajista a asusun CNSS na fanshon ma'aikata, babu ma hular kwano mai kyau. A ganina wannan asara ce ga kamfanin kansa, domin sanin lungunan gari da amincewar masu gadi da sakatarori ba a samunsu cikin mako guda, duk wanda ya ajiye aiki kuma da su yake tafiya.

Matashin da ke son shiga wannan sana'a ya kamata ya tambayi waɗannan abubuwa kafin ya karɓi makullin babur, ya kuma nemi a rubuta masa wanda zai biya idan kaya suka ɓace ko aka yi haɗari. Aiki ne na amana mai mutunci, ina kuma jin takaicin ganin ana ɗaukarsa a matsayin abin rage zaman banza.

Ga takardun gayyata da ƙananan kaya a cikin Yamai, ina ba da shawarar a yi hulɗa da irin wannan kamfani, da sharaɗin a nemi hoton sa hannun wanda ya karɓa. Amma fasfo ko asalin takardar shaidar karatu da za a aika Tawa ko Damagaram, mu a ofishinmu gidan waya muke kai su a yi musu rajista a ba mu rasit, domin kamfanin babur ba ya fita Yamai, a tashar mota yake miƙa saƙon ga wani.