Hadda ko karatu: wanne ya fi wa Basine mai koyon kalmomin Turanci?

Wani ɗan'uwa a Kano ya yi tambaya. An haɗa shi da wani Basine, injiniya a wata masana'anta, yana koya masa Turanci awa guda kullum da yamma. Mutumin ya zo da littafin jerin kalmomi, kowace da fassararta ta Sinanci a gefe, yana so a ɗora da hadda. Malamin kuwa yana ganin gara a ajiye littafin a kama karatu da hira. Wanne ya fi?

Malam, fara da sanin abin da ɗalibinka ya zo da shi. Tun 2001 hukumomin ilimi na ƙasar Sin suka sa a fara Turanci daga aji uku na firamare. Mai shirin Gaokao, jarrabawar shiga jami'a, yakan haddace kalmomi kimanin 3,500, mai neman CET-4, jarrabawar Turanci ta ɗaliban jami'a, kuma kimanin 4,500. Injiniya ta nan ya bi. Kalmomin suna kansa, sai dai ido ne ya san su, kunne da baki ba su sani ba. Gwada shi: tsamo kalmomi 50 daga wurare daban-daban na littafin, ka faɗa masa kowace da baki ba tare da ya gani ba, sannan ka nuna masa a rubuce, sannan ya sa ta a jimla. Tazarar da ke tsakanin maki ukun nan ita ce aikinka.

Hadda tana da hujja mai ƙarfi a wurin Basine. Bafaranshe yana cin karo da dubban kalmomin Turanci masu kama da na harshensa, Basine kuwa ba shi da wannan gatan sai 'yan ararrun kalmomi irin su kafei da shafa, wato kofi da kujerar falo. Kowace kalma baƙuwa ce, dole a zauna a riƙe ta. Ga shi ya saba, domin wanda ya haddace dubban haruffan Sinanci bai tsoron katin kalmomi ashirin. Kuma hadda ta fi sauri nesa ba kusa ba: kalma 10 a rana, 300 ke nan a wata.

Inda take lalacewa wuri uku ne. Na farko, jeri bisa abacada. Ɗaliban Sin da kansu sun san abandon fiye da sauran kalmomi saboda tana farkon littattafan nan, kullum daga ita ake sake farawa. Ga kalmomi masu kama da juna, irin su adapt da adopt, suna zuwa kusa da kusa su cakuɗe.

Na biyu ya fi muni, shi ne lafazi. Gaɓar Sinancin Mandarin ba ta ƙarewa da baƙi in ban da n, ng da r, kuma baƙaƙe biyu ba sa haɗuwa a jere. Sai ɗalibi ya cusa wasali, kamar yadda bread ya zama burodi a bakinmu: desk ta koma de-si-ke, gaɓa ɗaya ta zama uku. Da yawa kuma suna rubuta lafazin da haruffan Sinanci a gefen kalma, thank you ta zama san ke you, wanda ma'anarsa giram uku na mai. Wannan dabara tana taimakon tunawa a daren jarrabawa, amma wanda ya riƙe kalma da gurɓataccen sauti ba zai gane ta ba in an faɗe ta daidai. Ka duba littafinsa. In ka ga irin wannan rubutu da fensir a gefe, nan za ka fara.

Na uku, kalma ɗaya fassara ɗaya. Kalmar kai a Sinanci tana ɗaukar buɗe ƙofa, kunna fitila da tuƙa mota, shi ya sa za ka ji open the light. Kalmar kan ta haɗa look, see, watch da read. Jie ta haɗa borrow da lend. Magani su cinsa suke yi, chi yao, mu muna shansa, Bature kuma take yake cewa. Sannan chenggong guda ɗaya ce a matsayin aikatau, suna da sifa, alhali Turanci ya raba ta uku: succeed, success, successful. Littafin jeri ba ya nuna ko ɗaya daga cikin waɗannan.

Karatu da saurare su ke gyara wannan duka, domin kalma tana zuwa da abokan tafiyarta, da sautinta, da siffar da ta ɗauka a jimla. Amma suna da sharaɗi mai tsauri. Binciken Paul Nation na 2006 ya nuna ana bukatar iyalan kalmomi (wato kalma da rassanta, kamar succeed, success, successful) 8,000 zuwa 9,000 kafin a san kashi 98 cikin ɗari na kalmomin jarida ko littafin labari, 6,000 zuwa 7,000 kuma ga magana. Mai 4,000 in ka miƙa masa jarida, ƙamus zai wuni yana buɗewa. Ma'aunin da za ka riƙe: a shafi mai kalmomi 300, baƙin kalmomi kada su wuce shida. In sun wuce, sauko zuwa littattafan da aka sauƙaƙa mataki-mataki. Kuma hanyar tana da nawa, sai kalma ta maimaitu sau da yawa kafin ta zauna, wata kuma sai a yi wata biyu ba a sake haɗuwa da ita ba.

Ni a ganina kada ka raba shi da hadda, ka canza abin da yake haddacewa. Littafin ya zama wurin tsamo kalma kawai. Kati ya ɗauki guntun magana: a gaba turn on the light, a baya Sinancinsa, da muryarka da ya naɗa a waya. Ya ji, ya faɗa da ƙarfi, sannan ya juya katin. Bita kuma a tazarce: bayan kwana 1, 3, 7, 14, 30, wanda ya kuɓuce ya koma farko. Akwatin kwali mai gida biyar ya isa, ko Anki, manhajar bitar katuna. In Anki ce, rage sababbin katuna daga 20 da take zuwa da su zuwa 10, domin 20 a rana kan tara bitar da ta kai kimanin 200 kullum, daga nan ne mutane ke yasar da ita.

Awar taku kuwa kada hadda ta ci ta, wannan aikin gida ne na minti 20. Ku ba lafazin katunan jiya minti 10, ka sa kunne kan ƙarshen kalma, musamman s na jam'i da ed na abin da ya wuce, tunda Sinanci ba ya ɗafa wa kalma irin waɗannan. Minti 25 karatu da saurare, minti 25 ya yi bayanin aikinsa na ranar da kalmomin makon. He da she ma ka bi su, domin a Sinanci lafazinsu ɗaya ne, wato ta.

Akwai wata ƙofa da ta dace da shi musamman. Kalmar Sinanci a fili take nuna sassanta: dianhua maganar lantarki ce, wato tarho, diannao ƙwaƙwalwar lantarki, wato kwamfuta. Nuna masa cewa Turanci ma haka yake, sai dai da Latin da Girkanci ya gina: tele nisa, port ɗauka, ex waje, im ciki, trans ƙetare, sai ga export, import, transport a zama ɗaya. Ɗafa-goshi ko ɗafa-ƙeya biyu a mako sun isa. Tunda takardun aiki yake karantawa, bayan ya ƙware a kalmomi 2,000 na yau da kullum ka ɗauko masa jerin Averil Coxhead na 2000, mai iyalan kalmomi 570 na rubutun ilimi, ku fara da rukunin farko mai 60.