Gargaɗi: masu haɗa sabuwar kyamara da katin bogi, su ce "saiti ne, ba ka iya ba"

Jama'a, abin nan ya isa haka. Ana sayar wa mutane kyamara da sunan sabuwa fil a leda, a haɗa musu da "kyautar" katin ajiya mai 128GB da batir na biyu, alhali katin 8GB ne aka canza masa lakabi, batirin kuma jabu. An rubuta 128GB a jiki, kyamara ta nuna 128GB, kwamfuta ma ta nuna 128GB, amma ainihin wurin ajiyar 8GB ne. An karɓi kuɗin 128 an ba da 8.

Kuma kada wani ya ce wawaye ne ke faɗawa. Kwali a rufe, leda a manne, mai kaya ya yage a gabanka, ya saka katin, ya ɗauke ka hoto ya juyo maka allon yana murmushi: "Ka gani? Tas!" Wa zai yi zargi a nan? Ai hoton ya fito. Dole ya fito, domin hotunan farko suna sauka ne cikin 8GB ɗin gaskiya. Wannan "ka gani?" ɗin ita ce tarkon. Sun sauya bayanin da ke cikin ɗan guntun da ke sarrafa katin ne, ya riƙa faɗin girman da ba shi da shi. Hoton RAW (ɗanyen fayil da kyamara ba ta sarrafa ba) na kyamara mai megafiksel 24 yana cin wajen 25 zuwa 30MB, wato kusan hoto 300 kenan kafin wurin ya cika. Daga nan katin ba zai ce ya cika ba. Ko dai ya riƙa rubutawa a kan tsofaffin hotuna, ko sababbin su tafi inda babu komai. Sunan fayil na nan, girmansa na nan, ka buɗe ka ga toka-toka ko ya ƙi buɗuwa gaba ɗaya. Wanda bai taɓa sauka a katin ba, babu manhajar da za ta dawo da shi.

Sai ka koma, a ce maka saiti ne. Nan ne abin ya fi ƙona rai, domin sun san sabuwar kyamara tana da 'yan matsalolinta na gaskiya, sai su fake da su har wa'adin mayar da kaya ya wuce. E, akwai na gaskiya. Idan ta ce kati a kulle yake, ɗan maɓallin da ke gefen katin ne ya zame ƙasa, tura shi sama. Idan ka leƙa ta mahangi ka ga dishi-dishi amma hoton ya fito garau, ɗan tayan da ke kusa da mahangin ne, juya shi har rubutun ciki ya fito sarai. Idan ta ƙi kama abin da kake ɗauka, duba ko maɓallin jikin gilashin yana kan MF (saita da hannu) maimakon AF (ta saita da kanta). Kati kuma a cikin kyamara ake yi masa fomat, ba a kwamfuta ba. Duk waɗannan minti biyu ne. Amma babu saitin da ke cinye hotuna, babu saitin da ke mai da 128GB ya koma 8GB.

Haka bidiyo. Ka fara ɗaukar 4K, bayan 'yan daƙiƙu ta tsaya da kanta, su ce zafi ta yi. Wane zafi a cikin daƙiƙa goma? Alamar V30 ko U3 da ke jikin kati alkawari ne cewa katin ba zai yi ƙasa da 30MB a daƙiƙa ba wajen rubutu. Sun buga alamar a lakabi, katin bai kai ba.

Sai batun batir, shi tun ranar farko yake nuna hali. Na jabu yakan fi na asali sauƙi a hannu, yana nuna rabi sai kawai kyamara ta mutu, wani ya kumbura har ya maƙale a ɗakinsa. A ƙananan kyamarori masu gilashin da ke fitowa ya koma, raunin batir kaɗai na iya sa gilashin ya tsaya a rabin hanya ta rubuta maka kuskure. Wasu kyamarorin Canon ma kan tambaya a allo ko batirin na ɗauke da tambarin kamfanin idan suka kasa karanta shi. Mai kaya ya ce maka danna kawai ka wuce. Danna ka wuce!

Ita kanta kyamarar wani lokaci tsohuwa ce aka goge aka mayar kwali. Kada lambar hoto ta ruɗe ka, 0001 ana mayar da ita daga cikin saiti. Abin dubawa shi ne sau nawa labulen kyamarar (shota, mai buɗewa ya rufe duk lokacin da aka ɗauki hoto) ya taɓa bugawa. Yawancin Nikon da Sony suna rubuta adadin a cikin bayanan EXIF, wato bayanan da kyamara ke ajiyewa a cikin fayil, na hoton da bai bi ta wata manhaja ba, Canon kuwa galibi sai an jona da kwamfuta. Sabuwa ba ta zuwa da dubbai. Leƙa ramin dunƙulen da ake ɗaura ta a kan ƙafa, da zoben ƙarfen da gilashi ke shiga, da inda ake maƙala fitila a sama; karce ba ya ɓuya a wuraren nan. Lambar siriyal ta ƙasan kyamara dole ta zo ɗaya da ta kwali da ta takardar garanti. Sannan tsuke ƙofar gilashin zuwa f/16, ɗauki farin bango: ɗige-ɗigen da ke zama wuri guda a kowane hoto ƙura ce a kan sensa, wato ɗan farantin da ke kama hoto a cikin kyamara.

Sai waɗannan kyamarori marasa sunan kamfani da ake rubuta wa 48MP (megafiksel 48) da zum sau 16. Ƙaramar sensa ce, manhaja ke hura hoton ya kai 8000 da 6000. Ka buɗe shi a kashi 100 ka ga fuska ta narke. Zum ɗin ma yanka tsakiyar hoto kawai yake yi, gilashin ko motsi ba ya yi.



Kwashe komai daga katin, gwada shi da manhajar gwajin kati ta H2testw a Windows ko F3 a Mac da Linux, ka bar shi ya cika katin duka ya karanta ko da zai ɗauki sa'o'i. Yi haka a ranar da ka saya. A rubuta maka lambar siriyal a rasit. Wanda ya hana ka gwadawa, ajiye masa kayansa.